Su Ne A Fili, Babu Su A Benci: Launin Fata Da Kujerar Koci A Ƙwallon Ingila

A cikin shekarar 2018, wasu tsofaffin 'yan wasan ƙasar Ingila su uku, waɗanda suka yi zamani ɗaya, suka sa riga ɗaya, suka kuma je gasar cin Kofin Duniya tare a 2006, kowannensu ya sami aikinsa na farko a matsayin babban kocin ƙungiya. A watan Mayu aka damƙa wa Steven Gerrard ragamar Rangers ta birnin Glasgow, ƙungiyar da filinta ke cin 'yan kallo kimanin 50,000. A ƙarshen watan kuma Frank Lampard ya karɓi Derby County, wadda ke rukuni na biyu tana fafutukar hawa gasar Firimiya. Na ukunsu, wato Sol Campbell, sai a watan Nuwamba ya samu, kuma abin da ya samu shi ne Macclesfield Town, wadda a ranar da ya kama aiki ita ce ta 92 daga cikin ƙungiyoyi 92 da ke rukunonin ƙwararru huɗu na Ingila. Wato babu wata a ƙasanta.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan Campbell ɗin shi ne ya buga wa Ingila wasa 73, ya ci gasar Firimiya sau biyu da Arsenal, har da kakar 2003/2004 da aka gama ba a doke su ko sau ɗaya ba, shi ne kuma ya ci ƙwallo da ka a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2006. Ya yi karatun horarwa har ya sami lasisi mafi girma, ya yi mataimakin koci a ƙasar Trinidad da Tobago. Da ya je Macclesfield ya tsamo ta daga faɗawa a ranar ƙarshe ta kaka, alhali 'yan wasansa na bin bashin albashi. Daga nan ya tafi Southend United, wata mai fama da irin wannan talauci, suka rabu a 2020. Shi kuwa Lampard, shekara ɗaya ya yi a Derby aka kira shi Chelsea. Da aka sallame shi Everton ta ɗauke shi. Da ita ma ta sallame shi Chelsea ta sake kiransa riƙon ƙwarya a 2023, inda ya ci wasa ɗaya tak cikin 11. Duk da haka a 2024 Coventry City ta ba shi aiki. Raheem Sterling ya kawo irin wannan kwatance a wata hira da BBC a watan Yunin 2020, inda ya jera Gerrard da Lampard a gefe ɗaya, Campbell da Ashley Cole a ɗaya gefen, ya ce duk sun yi karatun aikin, amma biyun da ba a ba su dama yadda ya kamata ba su ne baƙaƙen. Shi Ashley Cole, mai wasa 107 a rigar Ingila, ya shafe shekaru yana mataimaki, a ƙarƙashin Lampard a Everton, sannan a ƙarƙashin Wayne Rooney a Birmingham City.

Na san za a ce labarin mutum uku ko huɗu ba hujja ba ce, kuma haka ne. Watakila Campbell mutum ne mai wuyar sha'ani, watakila Gerrard ya fi shi iya magana a gaban masu kuɗi. Saboda haka bari mu koma ga alƙaluma. A 2022 wata ƙungiya ta baƙaƙen 'yan ƙwallo mai suna Black Footballers Partnership ta fitar da rahoton da Farfesa Stefan Szymanski, masanin tattalin arzikin wasanni na Jami'ar Michigan, ya shirya mata. Rahoton ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na 'yan wasan gasar Firimiya baƙaƙe ne, haka kuma kashi 34 na 'yan wasan sauran rukunoni uku. Amma da aka duba muƙaman horarwa da tsofaffin 'yan wasa suka saba riƙewa, sai aka tarar kashi 4.4 kacal ne ke hannun baƙaƙe. A kujerun shugabanci da mallakar ƙungiyoyi kuwa abin bai kai kashi 2 ba. Ga masu cewa ai su ne ba sa neman takardar shaidar, rahoton ya nuna kashi 14 cikin ɗari na masu riƙe da lasisi mafi girma a Ingila baƙaƙe ne. Kashi 14 bai kai kashi 43 ba, wannan gaskiya ne, kuma akwai dalilinsa: wa zai kashe shekaru da dukiya yana neman takardar da ya ga na gaba da shi sun samu sun ajiye a akwati? Amma ko a kan kashi 14 ɗin aka tsaya, tazarar da ke tsakaninsa da 4.4 tana neman bayani.

Abin kuma ba sabo ba ne. Baƙi na farko da ya riƙe ƙungiyar ƙwararru a Ingila shi ne Tony Collins, wanda ya karɓi Rochdale a 1960, ya kai ta wasan ƙarshe na kofin League Cup a 1962, alhali tana rukuni na huɗu. Bayan ya bar ta a 1967, babu wata babbar ƙungiya da ta ba shi ragama. Sauran rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne galibi yana farauto wa wasu 'yan wasa, a Bristol City da Leeds United da Manchester United. Sai a 1996 aka ga baƙi yana jan ragama a gasar Firimiya, wato Ruud Gullit ɗan ƙasar Holan, wanda ya ci wa Chelsea Kofin FA a shekarar da ta biyo. Baƙi ɗan asalin Birtaniya kuwa sai a 2008, lokacin da Blackburn Rovers ta ɗauki Paul Ince, bayan ya fara daga can ƙasa, a Macclesfield ɗin nan dai, ya kuma ci wa MK Dons kofi biyu. Wasa 17 ya jagoranta a Firimiya aka sallame shi, bai sake komawa wannan mataki ba. John Barnes, bayan Celtic ta kore shi a farkon 2000, sai da ya jira har 2009 kafin wata ƙungiya, Tranmere Rovers, ta sake gwada shi. Newcastle United ta kori Chris Hughton a Disambar 2010, watanni kaɗan bayan ya dawo da ita Firimiya, tana matsayi na 11. West Bromwich Albion ta kori Darren Moore a Maris ɗin 2019 tana ta huɗu a rukuninta. Korar koci dai ba a raba ta da ƙwallo, fari da baƙi duk ana korar su. Inda bambancin yake shi ne abin da ke biyo bayan korar: wani ya faɗi a ɗaga shi, ya sake faɗi a sake ɗaga shi, wani kuma faɗuwarsa ta farko ita ce ta ƙarshe.

To, daga ina wannan abu yake tasowa, tunda da wuya a yau ka sami shugaban ƙungiyar da zai buɗe baki ya ce ba ya son baƙi? A nan zan ɗan daɗe, domin a ganina tushen yana cikin harshe, kuma harshe shi ne gonar da nake nomawa.

Masu nazarin harshe sun daɗe da lura cewa kalmomi suna da abokan tafiya. Bahaushe zai ce "ƙosasshen doki", ya ce "gogaggen malami", ba ya musanya su, kuma yaro yana tashi da wannan haɗi a kunnensa ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa ba. Idan aka daɗe ana haɗa wata siffa da wani jinsin mutane, sai siffar ta manne musu, har mai magana ya riƙa jin kamar daga Allah haka abin yake. A 2020 wani kamfanin bincike na ƙasar Denmark mai suna RunRepeat, tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila, ya bi diddigin sharhin da aka yi da Ingilishi a wasanni 80 na gasannin Ingila da Italiya da Sifen da Faransa a kakar 2019/2020. An tattara maganganu 2,073 a kan 'yan wasa 643. Abin da aka gano shi ne, idan mai sharhi zai yi maganar ƙarfin jiki, yiwuwar ya kasance a kan ɗan wasa mai duhun fata yake magana ta ninka fiye da sau shida. Idan maganar gudu ce, fiye da sau uku. Idan kuma aka zo yabon kaifin basira, sama da kashi 62 cikin ɗari na yabon masu hasken fata ne suka kwashe, yayin da sama da kashi 63 na sukar rashin basira ya faɗa kan masu duhun fata.

Mai karatu ya lura, yawancin waɗannan maganganu yabo ne, ba zagi ba. Nan ne haɗarin yake, domin zagi ana jin sa a tanka, yabo kuwa sai a karɓa da murmushi. Mu da muka tashi cikin al'ummar da ta san kirari mun san cewa kirari yana ɗaga mutum, yana kuma ajiye shi a inda ake so ya tsaya. Wanda aka yi wa kirari da juriya da ɗaukar kaya, ba shi ake tunawa ba ranar da za a naɗa mai ba da shawara. Michael Essien na Ghana, laƙabin da aka sa masa shi ne ɓauna. Andrea Pirlo na Italiya kuwa, mai zanen gini ake kiransa, wasu su ce gwani. Yaya Touré ya ci ƙwallo 20 a gasar Firimiya daga tsakiyar fili a kakar 2013/2014, da yawansu na bugun tazara ne da ke buƙatar lissafi da natsuwa, amma abin da ya fi fitowa daga bakin masu sharhi shi ne girman jikinsa da yadda yake ture mutane. Idan baƙin ɗan wasa ya ba da ƙwallon da ta tsaga 'yan baya, sai a ce baiwa ce, abu ne na jini. Idan fari ya ba da irinta sai a ce ya karanta wasan. Baiwa kuwa ba a koyar da ita, karatu shi ake koyarwa, kuma koci malami ne. Ashe ke nan tun ɗan wasa yana shekara 20 aka fara rubuta masa takardar neman aikin da zai nema yana shekara 40, shi bai sani ba. (Mu ma a gidajen kallon ƙwallo na garuruwanmu mun ari wannan baki ba mu sani ba, a saurari yadda matasa ke siffanta N'Golo Kanté da yadda suke siffanta Luka Modrić.)

Akwai lokutan da abin da ke ɓoye a cikin yabon ya fito fili. A 1991 shugaban Crystal Palace, Ron Noades, ya faɗa a wani shirin talabijin cewa baƙaƙen 'yan wasa suna kawo gwaninta da ƙawa, amma ana buƙatar farare a cikinsu domin su kawo ƙwaƙwalwa da hankali. A 2014 Willy Sagnol, yana kocin Bordeaux ta Faransa, ya siffanta ɗan wasan Afirka da cewa mai arha ne, mai ƙarfi, shirye yake ya yi yaƙi, sai dai ƙwallo tana kuma buƙatar dabara da basira da ɗa'a. Shekara 23 ke tsakanin maganganun biyu, ƙasa daban, harshe daban, amma rabon guda ne: jiki nasu, kai namu. Kuma wannan rabo yana bin ɗan wasa har wurin da ake tsayar da shi a fili. Masana zamantakewa a Ingila tun shekarun 1980 suka nuna cewa ana yawan tura baƙaƙen 'yan wasa gefe-gefe da gaba, inda ake buƙatar gudu, ana barin tsakiyar fili ga farare, alhali daga tsakiyar nan ake yawan zaɓen kyaftin, daga kyaftin-kyaftin kuma ake yawan zaɓen koci.

Wani zai ce, ai ƙwallo kasuwa ce, kuma ɗan kasuwa ba ya ƙin riba saboda launin wanda ya kawo ta. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ta yi aiki a kan 'yan wasa. Shi dai Szymanski, a wani bincike da ya wallafa a 2000 kan ƙungiyoyin Ingila daga 1978 zuwa 1993, ya nuna cewa ƙungiyoyin da suka fi sa baƙaƙen 'yan wasa sun fi samun sakamako idan aka gwada da albashin da suke biya, wanda ke nufin ana sayen baƙaƙen ƙasa da darajarsu. Da masu ƙungiyoyi suka ga wariya tana ci musu maki, sai suka sake ta ba don sun tuba ba. Ɗan wasa ana ganin aikinsa kowane mako a gaban dubban mutane, ba a iya ɓoye shi. Aikin koci kuwa ba haka yake ba. Masana tattalin arziki sun nuna cewa idan aka ɗauki shekaru masu yawa, yawan albashin 'yan wasa shi ne ke bayyana mafi yawan matsayin da ƙungiya ke gamawa a tebur, gudunmawar koci kuma tana da wuyar aunawa. Saboda haka mai ƙungiyar da ya tsallake ƙwararren baƙi ya ɗauki abokin shan shayinsa ba zai taɓa ganin asarar da ya yi a rubuce ba. Bugu da ƙari, kujerun 92 ne kacal, ba a cika tallata su ba, ana korar koci ranar Lahadi a naɗa wani ranar Talata, ta hanyar wayar tarho tsakanin shugaba da dillali. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin yadda ake cike gurbi kafin a buga sanarwarsa a jarida ya san irin wannan ɗaukar aiki.

Maganin da aka aro daga Amurka shi ne Dokar Rooney, wadda ba ta da alaƙa da Wayne Rooney. Sunan Dan Rooney ne, mai ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta ƙwallon Amurka. An kafa ta a 2003, ta wajabta wa kowace ƙungiya ta gana da aƙalla mutum ɗaya daga tsirarun jinsuna kafin ta naɗa babban koci. Ba ta ce a ɗauke shi ba, cewa ta yi a saurare shi. Da fari ta yi tasiri, domin a 2007 duka ƙungiyoyin da suka buga wasan ƙarshe baƙaƙe ne ke jagorantarsu, Tony Dungy da Lovie Smith. Amma a 2022 wani koci mai suna Brian Flores ya kai hukumar gasar kotu, yana zargin cewa ganawar ta zama ta jeka-na-yi-ka. Hujjar da ya gabatar ita ce saƙon taya murna da aka aiko masa bisa kuskure, wanda aka yi nufin aika wa wani Brian ɗin daban, kwanaki kafin shi a gana da shi a kan wannan aiki. Ƙungiyar da ya zarga ta musanta. A Ingila, Hukumar Ƙwallo ta ɗauki irin wannan doka a 2018 ga ƙungiyoyin ƙasa, rukunoni uku na ƙasan Firimiya kuma suka wajabta ta a 2019, amma da wata ƙofa a baya: tana aiki ne idan ƙungiya ta buɗe neman aikin ta tsara jerin waɗanda za ta gana da su. Wadda ta ɗauki waya ta kira mutum ɗaya, dokar ba ta hau kanta ba. A Oktoban 2020 aka ƙaddamar da wata yarjejeniya ta ganin dama, mai burin kashi 25 cikin ɗari na sababbin masu horarwa a ɓangaren maza su fito daga baƙaƙe da 'yan asalin Asiya da ruwa-biyu. Rahotannin shekara-shekara sun nuna ƙungiyoyin ba su cim ma yawancin burin ba, kuma babu hukunci. Wani abin ban takaici, makonni biyu bayan ƙaddamarwar, shugaban hukumar kansa, Greg Clarke, ya yi murabus saboda kalmomin da ya yi amfani da su a kan baƙaƙen 'yan wasa a gaban kwamitin majalisa.

Ba zan ɓoye abin da ke ɗaya gefen ba. Frank Rijkaard ya ci Kofin Zakarun Turai da Barcelona a 2006. Nuno Espírito Santo, haifaffen tsibirin São Tomé, ya riƙe Wolves da Tottenham da Nottingham Forest. Vincent Kompany, wanda mahaifinsa ɗan Kongo ne, ya faɗi daga Firimiya da Burnley a 2024, cikin makonni Bayern Munich ta ɗauke shi, ya kuma ci gasar Jamus a 2025. Wannan ita ce irin dama ta biyu da aka saba ba farare, kuma ta yi daɗin gani. Sai dai duk wanda zai jera sunayen nan zai ga yatsun hannu biyu sun ishe shi, kuma kusan dukkansu sai da suka zama taurari na ajin farko a fili, ko suka sami babban dillali a bayansu. Kocin fari kuwa ba a neman wannan daga gare shi: José Mourinho tafinta ne kafin ya zama koci, Arsène Wenger bai yi wani suna a fili ba, Maurizio Sarri ma'aikacin banki ne. Har yau ana jiran tafinta baƙi ko ma'aikacin banki baƙi da za a ba irin wannan amana a Ingila.

Mu kuma 'yan Afirka, kafin mu nuna Turawa da yatsa, akwai namu kason, domin hukumomin ƙwallonmu sun daɗe suna yin wannan rabo na jiki da kai da hannunsu. Charles Gyamfi ya ci wa Ghana Kofin Afirka sau uku, a 1963 da 1965 da 1982. Hassan Shehata ya ci wa Masar uku a jere daga 2006 zuwa 2010. Pitso Mosimane na Afirka ta Kudu ya ci Kofin Zakarun Afirka sau uku, ɗaya da Mamelodi Sundowns, biyu da Al Ahly. A Ƙatar a 2022 duka ƙasashen Afirka biyar 'yan gida ne suka jagorance su, kuma a nan ne Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe, matakin da babu Baturen kocin da ya taɓa kai wata ƙasar Afirka. Ɗan Nijeriya Ndubuisi Egbo ya ci gasar ƙasar Albaniya da KF Tirana a 2020. Duk da haka Stephen Keshi, bayan ya sama wa Togo gurbin Kofin Duniya na farko a tarihinta, sai aka sauke shi watanni kafin gasar 2006 aka kawo Otto Pfister na Jamus. Shu'aibu Amodu sau biyu yana sama wa Nijeriya gurbi, a 2002 da 2010, sau biyun ana sallamarsa bayan ya zo na uku a Kofin Afirka. A karon farko ɗan gida aka ba, Festus Onigbinde. A karo na biyu sai aka ɗauko Lars Lagerbäck, wanda ya kasa kai ƙasarsa Suwidin wannan gasa, ya kuma dawo daga Afirka ta Kudu da maki ɗaya. Keshi dai ya samu ya ci Kofin Afirka a 2013, ya kai Nijeriya zagaye na biyu a Brazil a 2014. Amodu kuwa ya rasu a watan Yunin 2016, kwana uku bayan rasuwar Keshi, bai taɓa zama a benci a matsayin babban koci a gasar Kofin Duniya ba.